Muryar Yaya Daga Madrid

A hawa na sha ɗaya muke zaune a Wangsa Maju, wata unguwa a Kuala Lumpur ta ƙasar Malesiya, ni da wata 'yar Filato da ke digiri na biyu a fannin haɗa magunguna. Ni ina digiri na uku ne a zanen gine-gine, na baro maigidana da yara biyu a Zariya. Haya ce ta haɗa mu, daga baya tukunya ta zama ɗaya. Tana ce mini Hajiya ko da yake ban taɓa zuwa Makka ba, ni kuma ina ce mata Sista.

Sista tana da yaya mace da ta daɗe a Sifen, tana aiki a wani gidan kula da tsofaffi a kudancin Madrid. Ban taɓa ganinta ido da ido ba, amma na san muryarta kamar ta 'yar ɗakinmu. Lokacin da take tashi daga aiki mu nan muna barci, don haka sai ta bar mana saƙon murya, da safe mu jingina wayar a jikin gwangwanin madara mu saurara muna karyawa. Hausarta ta Jos ce, mai sauri, ga dariya a tsakiyar magana. Ni ma Yaya nake kiranta.

Wata Lahadi suna magana ta bidiyo, Sista ta zagaya da wayar cikin falo, Yaya ta hango hoton da na manna a saman teburin karatuna: ginshiƙai birjik, da bakunan gini masu ratsin ja da fari.

"Kai, wannan ba Cordoba ba ce?" in ji ta. "Hajiya, me kike yi da hoton nan?"

Na ce mata babi guda na rubuta a kan babban masallacin garin, da yadda mutanen Andalus, wato Musulmin Sifen na da, suke shigo da ruwa da inuwa cikin tsakar gida.

"Kin rubuta babi guda a kan wurin da ba ki taka ba? Daga nan fa jirgin ƙasa ne kawai, kafin ki gama gyangyaɗi kin iso. Ku zo hutun Ista, ku biyun. Ina da katifa."

Da wasa aka fara. Amma da na gaya wa maigidana, bai ƙi ba. Ya ce tunda gidan mace za mu sauka, kuma abin ya shafi karatuna, in je in gano wa idona. A cikin watan Janairu muka fara zama a shagon mamak da ke ƙasan benenmu, wato wurin cin abincin Indiyawa Musulmi, muna shan shayin madara da suke kira teh tarik muna rigima a kan taswira. Mako guda kacal muke da shi. Ni ina son Cordoba da Granada, garuruwan da tun muna Islamiyya malaminmu yake kira Ƙurɗuba da Garnaɗa, muryarsa tana rawa kamar mai ba da labarin gidan kakansa da ya rushe. Sista kuma Sevilla take so, don ta ga jerin gwanon makon Ista, inda ake ɗauko manyan gumaka a kafaɗa ana zagaya gari da kyandir.

"Hajiya, ke duk inda za ki kai ni sai inda aka yi kuka aka bar gari," ta ce. "Ni biki nake so."

"Bikin naki ma ai makoki ne."

"Makoki ne mai ganga, lah," ta ce, tana kwaikwayon maganar mutanen Malesiya.

Muka sasanta a kan cewa za mu sauka Madrid, mu leƙa Toledo da safe mu dawo da yamma, sannan mu gangara Cordoba, mu kwana Sevilla, mu ƙarasa a Granada. Akwai abin da ya tsaya mini a rai: masallacin Cordoba yanzu coci ne, kuma na karanta cewa masu gadi ba sa barin Musulmi ya yi salla a ciki. Na faɗa wa Sista, na ce ke za ki shiga ki yi ibadarki, ni sai dai in ɗauki hoto. Ta juya cokali a kofi. Can ta ce, "To ni ma hoton zan ɗauka. Ibadar na yi a wani wuri." Ba mu ƙara tayar da maganar ba.

A gidan da Yaya take aiki akwai wata tsohuwa haifaffiyar Cordoba, wadda ta haura shekara tamanin. Yaya ce take yi mata wanka, take taje mata kai. Da ta ji cewa ƙanwar Yaya da ƙawarta za su je garinsu, sai ta karɓe shirin tafiyar gaba ɗaya. Muka sa mata suna Kaka. Yaya takan kara mata wayar a baki ta yi ta zuba da yarensu, murya siririya mai kaifi, sannan Yaya ta fassara mana.

"Kaka ta ce kada ku shiga masallacin da rana tsaka, ku je da sassafe kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su iso. Ta ce ku zauna tukuna a farfajiyar da ke da itatuwan lemo, kada ku yi gaggawa. Ta ce a Sevilla kada ku hau keken doki, na baƙi ne. Ta ce Granada da sanyi ko a watan huɗu, saboda dutsen ƙanƙara yana bayanta, ku zo da rigar sanyi. Ta kuma ce wai me ya sa ba za ku bari sai watan biyar ba, lokacin da ake buɗe gidaje a ga furanni? Na ce mata azumin Hajiya ne zai shigo. Ta ce to Allah ya ba da lada."

Ita ce ta matsa mana mu sayi tikitin shiga fadar Alhambra da ke Granada tun da wuri, don wai yana ƙarewa. Muka saya. Bizarmu ta fito a watan Fabrairu, ba tare da wahalar da muka zata ba.

A lokacin an fara maganar wata sabuwar cuta mai kama numfashi, amma maganar China ce. A jirgin ƙasan LRT mutane sun fara rufe fuska da takunkumi, a ƙofar jami'a kuma wani mai gadi yana ɗora mana abin auna zafi a goshi. Mun ɗauka mu ne a bakin wutar, tunda mu ne kusa da China. Har Yaya takan ce, "Ku yi maza ku gudo nan ku huta."

Wata Asabar muka je Jalan Masjid India sayen tsaraba. Yaya ta ce a kawo mata atamfar batik, mu kuma muka ce sai mun saya wa Kaka mayafi mai laushi. Titin da kullum sai ka yi da kafaɗa kafin ka wuce, ran nan muna tafiya a jere ba wanda ya goge mu. Mai shagon yadin, wani dattijo Ba'indiye da ya san ni, ya tambayi ina za a kai kayan. Na ce Sifen. Ya ɗan tsaya da almakashi a hannu.

"Kusa da Italiya ne?" ya ce da Turanci.

Na ce a'a, akwai teku a tsakani. Ya gyaɗa kai, ya yanka yadin. Ko ragin da ya saba yi mini sai da ya yi tun ban nema ba.

A farkon Maris saƙonnin Yaya suka fara canzawa. Ba wani abu ta faɗa ba da farko, gajarta kawai suka yi. Da takan yi ta surutu har shayinmu ya huce, yanzu kafin in gama shafa bota a burodi ta gama. Wata safiya ta ce, "Atamfar nan ku bar ta. In za ku samu takunkumi, ku cika jaka da shi. Da safar hannu." A bayan muryarta ina jin wani yana tari, tari mai tsawo da ba ya yankewa, da ƙarar ƙafafun keken guragu a kan daɓe.

Sista ta san masu kemis da yawa saboda karatunta. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya, daga Wangsa Maju har Setapak. Kusan kowace ƙofa an manna takarda cewa ya ƙare. Wata Basiniya da ta san Sista ta shiga ciki ta fito da ƙaramin kwali a cikin baƙar leda, ta miƙa mata ta ƙarƙashin kanta. Muka kawo shi gida muka sa a cikin akwatin tafiya, a kan rigunan sanyin da muka aro.

Har a lokacin ba wadda ta ce a fasa. Ni dai na ci gaba da duba lokutan jirgin ƙasa daga Cordoba zuwa Sevilla, ina auna ko za mu samu mu hau hasumiyar da ta taɓa zama wurin kiran salla kafin a rufe da yamma. Maigidana ya kira ya ce ya ji a rediyo ana ambatar Madrid. Na ce masa babban gari ne, kuma mu kudu za mu nufa.

"To," ya ce. "Ki dai riƙa sauraro."

Sannan aka hana 'yan'uwa shiga gidan tsofaffin. Yaya ta ce 'ya'yansu suna zuwa su tsaya a bakin titi suna ɗaga hannu ta taga. Ta ce abokan aikinta biyu sun kwanta, aikin mutum uku ya dawo kanta. Sista ta tambaye ta Kaka fa? Washegari amsar ta zo: Kaka tana nan, tana ɗan zazzaɓi, ba ta son abinci, amma ta ce a tuna mana cewa ranar Litinin wasu wuraren a rufe suke.

A nan ma ƙasa ta fara motsi. Aka ce an yi wani babban taron wa'azi a unguwar Sri Petaling, kuma ana neman duk wanda ya halarta ya je a gwada shi. A zauren wayar ɗalibai 'yan Arewa kowa yana tambayar wa ya je, wa ya yi salla kusa da wanda ya je. A kantin unguwarmu na ga layi har waje, shinkafa da ƙwai sun ƙare. Wata Bamalayiya da muke gaisawa a lif ta ja 'yarta ta matsa kusurwa da na shigo. Ban ji haushi ba, don ni ma na riƙe numfashina har muka sauka.

Saƙon da ya kashe tafiyar gajere ne. Muna zaune, wayar tana jingine a inda take kullum.

"Kada ku zo," in ji Yaya. Muna jin numfashinta. "Ko an bar jirgi ya tashi, kada ku zo. Kaka ta tafi jiya da rana. Mun kira motar asibiti, ba ta samu zuwa ba. Ni na riƙe mata hannu. Tana ɗakinta har yanzu, masu ɗauka sun ce layi ne."

Sista ta miƙe ta shiga banɗaki ta buɗe famfo. Ni na zauna ina kallon shayin. Matar da ban taɓa gani ba, ban san ko kalma ɗaya ta yarenta ba, amma sai da na ji kamar an yi mini rasuwa a dangi.

Cikin 'yan kwanaki Sifen ta rufe, Malesiya ma ta rufe. Aka ce mutum ɗaya ne zai fita daga kowane gida, shi ma sayen abinci kawai. Shagon mamak ya kife kujerunsa a kan tebura, sai dai ka yi tapau, a ƙulle maka a leda ka wuce. Daga tagarmu muna hango babban titi fayau, da shingen 'yan sanda da sojoji a mahaɗa, da jirgin LRT yana wucewa fitilu a kunne ba kowa a ciki. Masallacin unguwa yana kiran salla, amma ladan yana ƙarawa da cewa a yi salla a gida.

Mun yi ƙoƙarin aika wa Yaya kwalin takunkumin. Sista ce ta fita da shi, ta dawo da shi a hannu. An ce mata an hana fitar da irinsa daga ƙasar. Yaya ta ce kada mu damu, sun koyi yin riga da ledar shara. Ta faɗe shi da dariya, dariyar ta ƙare da tari.

"Yaya, tarin nan fa?" Sista ta aika mata.

"Sanyi ne. Kun san ni da sanyi."

Bayan wannan saƙo ɗaya ya ƙara zuwa, ba na murya ba, rubutu ne: ta gaji, za ta kwanta. Daga nan shiru. Sista ta kira, wayar tana shiga ba a ɗauka. Washegari ta daina shiga gaba ɗaya. Ba mu da lambar kowa a Madrid sai ta gidan tsofaffin, ita kuma ko ta yi ta ƙara ba a ɗauka, ko wata ta ɗauka ta yi magana da sauri cikin yaren da ba mu ji, ta ajiye. Sista ta koyi jimla ɗaya daga intanet, ta tambayar ina yayarta take, tana maimaita ta a falo kamar mai hadda. Da aka ɗauka ta faɗa, aka ba ta amsa doguwa, ba ta gane komai ba sai kalmar asibiti.

Na ɓoye mata wasu labaran da nake gani. Akwai wanda ya ce an mai da wani filin wasan ƙanƙara a Madrid wurin ajiye gawa, don wuraren da aka saba sun cika. Daga baya na gane ita ma ta gani, tana ɓoye mini.

A cikin wannan hali mahaifiyarsu ta kira daga Jos. Da la'asar ne, ina yanka albasa. Sista ta kalli wayar, ta ajiye ta a kan tebur, ta ja da baya har ta jingina da bango.

"Hajiya, ba zan iya ba. In ta ji muryata za ta sani."

Wayar ta yanke, ta sake shigowa. Na goge hannuna na ɗauka.

"Mama, ina wuni? Ni ce, abokiyar zamanta."

"A'a, 'yata, lafiya lau. Ya karatu? Ya kullen?" Muka gaisa sosai, ta tambayi yarana da babansu. Sannan ta ce, "Ina neman babbar ne ban same ta ba. Ran Lahadi ba ta kira ba, kuma ba ta taɓa tsallake Lahadi ba. Ita wannan tana kusa?"

Sista tana girgiza mini kai, hawaye yana zuba. Na rasa ta inda zan bi. Ƙarya ba za ta yi ba, don in abin ya zo da muni da wane ido za mu kalle ta. Na ce, "Mama, tana nan kusa da ni, amma kuka take yi, shi ya sa na ɗauka. Yaya ba ta da lafiya. An ce mana tana asibiti. Ba mu san wanne ba, ba mu kuma san yadda jikin yake ba. Iyakar abin da muka sani ke nan, wallahi ban rage komai ba."

Ina jin kaji a bayanta, da wani yaro yana kiran wani.

"Na gode da kika faɗa mini," ta ce. "Tun ran Juma'a jikina ya ba ni. Ba ni ita."

Na miƙa wa Sista, na koma kicin na rufe ƙofa. Ina jin su suna addu'a da yarensu, uwar tana ja, 'yar tana amsawa. Ni ma da na yi sallar magariba na daɗe a zaune.

Wani faston 'yan Najeriya a nan Kuala Lumpur ne ya haɗa mu da wata mata 'yar Kaduna da ke zaune a Madrid. Ita ta yi ta bin asibitoci ta waya har ta gano inda Yaya take. Ta ce an kwantar da ita rub da ciki, an sa mata iskar numfashi, ba a barin kowa ya shiga. Kullum da safe matar takan aiko mana da layi ɗaya: tana nan. Wata rana ta makara ba ta aiko ba sai azahar, Sista ba ta ci komai ba har saƙon ya shigo.

Makon Ista ya zo ya same mu a falo. Ranar da ya kamata mu shiga Alhambra wayata ta yi ƙara ta tuna mini, na kashe ta da sauri kafin Sista ta ji. A labarai aka nuna an zagaye wasu benaye a unguwar Masjid India da waya mai ƙaya, sojoji suna tsaye, ana miƙa wa mutane abinci ta saman shinge. Na gane kwanar, nan muka tsaya muka sha ruwan rake ranar da muka sayi tsaraba.

Ana gab da fara azumi muryar Yaya ta dawo. Da ƙyar muka gane ta. Ta dushe, kuma bayan kowace kalma biyu sai ta tsaya ta ja iska.

"Ina nan," ta ce. "Sun sallame ni. Ku gaya wa Mama... a'a, zan kira ta da kaina. Hajiya, an ce ke kika yi magana da ita. Na gode."

Sista ta saurari saƙon ya fi sau goma. Muka yi murna, amma murnar ba ta sake mu ba, don a ƙarshen saƙon Yaya ta ce da ta samu ƙarfi za ta koma aiki. Sista ta roƙe ta, uwarsu ta roƙe ta. Ta ce waɗanda suka rage a gidan ba su da yawa, kuma sun saba da hannunta. Ta koma. Ta ce a ɓangaren da take kula da shi ƙofofi da yawa a buɗe suke, an naɗe katifu an jingina da bango.

A cikin azumin ne wata safiya muka ji jiniya ta tsaya a ƙasan benenmu. Muka leƙa ta taga muka ga mutane uku cikin fararen kaya tun daga kai har ƙafa sun shiga. Sista ta buɗe ƙofar falo kaɗan tana kallon lambobin lif, ta ce a hawa na bakwai ya tsaya. Suka fito da wani mutum yana tafiya da ƙafarsa, riƙe da 'yar jaka, matarsa tana tsaye a baranda da jariri a kafaɗa. Da rana aka zo aka fesa magani a matattakala, warinsa ya shigo mana har ɗaki. Mun yi kwanaki ba wadda ta taɓa maɓallin lif da yatsa.

Ba mu je Sifen ba, ko a shekarar ko bayanta. Sista ta ƙarasa karatunta ta intanet, ta samu gurbi a jirgin da ya kwashe 'yan Najeriya zuwa gida. Ba a bari a raka matafiyi filin jirgi ba, don haka a bakin get muka yi sallama, fuskokinmu a rufe, direban tasi yana jira. Ta ce, "Hajiya, ki kula da kanki," na ce ta gaida Mama. Muka tsaya kamar za mu rungumi juna, sai ta ɗaga mini hannu kawai ta shiga mota.

Yaya tana Madrid har yanzu, a gidan nan dai. Muryarta ba ta koma yadda take ba, kuma ta ce hawa bene yana ba ta wuya. Takan kira ni da Salla, ni kuma in kira ta da Kirsimeti. Na kare digirina a shekarar da ta biyo baya, a gaban kwamfuta, ni kaɗai a falon, malamai huɗu suna kallona daga ƙananan akwatuna. Da aka gama na rufe kwamfutar, na sa takunkumi, na sauka ƙasa na sayo shinkafa da kaza a leda na hau da ita.